Maganin Da Ake Ɗura Wa Aladu: Abin Da Ya Ci Doma Ba Ya Barin Awe

A watan Nuwamba na 2024 ministocin lafiya da na aikin gona daga ƙasashe da yawa suka taru a birnin Jidda na ƙasar Sa'udiyya domin su tattauna magana guda ɗaya, watau yadda magungunan kashe ƙwayoyin cuta suke daina aiki a jikin mutane da na dabbobi. Wannan shi ne karo na huɗu da aka yi irin wannan taro, kuma kafin a watse sai aka ɗora wa Nijeriya nauyin shirya na biyar a Abuja cikin 2026. Wata guda kafin taron Jidda, Gwamnatin Tarayya ta riga ta ƙaddamar da nata shirin na shekara biyar a Abuja, daga 2024 zuwa 2028, don yaƙi da wannan masifa.

Duk inda masana suka zauna a kan wannan batu, ba a tashi sai an ambaci alade, domin cikin manyan dabbobin da ake kiwo don nama shi ne kan gaba wajen shan waɗannan magunguna. To, ɗan Arewa da yake neman abincinsa a Agege, ko Sabo ta Badun, ko kasuwar shanu ta Lokpanta, yana iya cewa ina ruwansa da maganin alade. Idan Musulmi ne ba ya kiwonsa, ba ya cin namansa, ko a hanya suka haɗu sai ya kauce. Wannan gaskiya ne. Amma maganin da ake zubawa a kwamin aladu shi ne dai wanda likita zai nema ran da ɗan wannan bawan Allah ya kwanta a asibiti, kuma ƙwayar da ta koyi ƙin jin magani a garken aladu ba za ta manta karatunta ba don ta shiga cikin wanda ba ya cin alade.

YADDA ƘWAYA TAKE KOYON TAURIN KAI

Magungunan da ake magana a kansu su ne waɗanda likitoci ke kira antibayotik, irin su fenisilin da ampisilin da tetrasaikilin, wanda jama'a suka fi sani da kafso ja da yalo. Aikinsu shi ne kashe wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce da su bakteriya, waɗanda ke kawo ciwon huhu da taifot da kwalara da ruɓewar miki da zazzaɓin da ke kama mace bayan haihuwa. Wani Bature mai suna Alexander Fleming ne ya gano fenisilin a Landan cikin 1928. Tun a 1945, sa'ad da ya je karɓar lambar yabo ta Nobel, ya yi gargaɗi cewa idan ana shan maganin kaɗan-kaɗan, wanda bai isa ya kashe ƙwayar ba, to koya mata ake yi yadda za ta jure shi.

Ga yadda abin yake faruwa. A cikin hanjin dabba guda akwai bakteriya miliyoyi barkatai. In an ba ta magani, masu rauni sai su mutu, 'yan kaɗan masu tauri su tsira. Da yake an share musu fili sai su yi ta hayayyafa, kuma wata ƙwayar takan rabu biyu cikin minti 20 kacal in ta sami wuri mai daɗi. Kafin kwana kaɗan hanjin ya cika da zuriyar masu tauri. Abin da ya fi wannan muni kuwa, ƙwaya tana iya miƙa wa wata ƙwaya dabam, wadda ba danginta ba, wannan asiri na jure magani, kamar yadda mutum yake ara wa maƙwabcinsa laya. Saboda haka ƙwayar hanjin alade wadda ba ta cutar da kowa tana iya ba da layarta ga ƙwayar da ke kashe jarirai.

YADDA MAGANI YA SHIGA KWAMI

Wajen 1950 masu bincike na kamfanin magani na Lederle a Amurka suka lura cewa 'yan tsaki da 'yan aladun da aka barbaɗa wa ɗan antibayotik cikin abinci sun fi sauran saurin girma, ko da ba su da ciwon kome. Cikin 1951 gwamnatin Amurka ta yarda a riƙa yin haka, sa'an nan sauran ƙasashe suka bi sawu. Tun daga lokacin magani ya zama kayan haɗin abincin dabbobi kamar gishiri da dusa. A Ingila wani kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Michael Swann ya ja kunnen gwamnati tun 1969 cewa wannan hanya za ta jawo wa mutane ciwo, amma kuɗin da ake samu ya fi gargaɗin ƙarfi.

Wani ƙiyasi da aka buga cikin 2015 ya nuna cewa a shekarar 2010 kaɗai dabbobin kiwo na duniya sun sha antibayotik tan 63,000 da ɗoriya. Da aka auna bisa ga nauyin dabba, sai aka ga kowane kilo na saniya ya ci miligiram 45, na kaza 148, na alade kuwa 172. Wani ƙiyasin na 2017 ya ce kashi 73 cikin 100 na duk antibayotik da ake sayarwa a duniya a cikin dabbobi suke ƙarewa.

Dalilin da ya sa alade ya wuce gaba ba boyayye ba ne. A gonakin zamani akan yaye ɗan alade yana da mako uku ko huɗu, a raba shi da uwarsa, a cusa shi ɗaki ɗaya da wasu da yawa, a canza masa abinci rana ɗaya. Nan da nan zawo yake kama su, kuma in ya kama ɗaya ya kama duka. Mai gona yana da zaɓi biyu. Ko dai ya kashe kuɗi ya faɗaɗa ɗaki, ya riƙa wankewa, ya jinkirta yaye, ko kuwa ya zuba garin magani cikin ruwan shan garken gaba ɗaya. Na biyun ya fi araha, shi ya sa aka fi binsa.

LABARIN DA YA FITO DAGA ƘASAR SIN

Akwai wani tsohon magani mai suna kolistin wanda aka gano a Japan a ƙarshen shekarun 1940. Likitoci sun jingine shi wajen shekarun 1970 domin yana taɓa ƙoda. Da yake an daina ba mutane, sai ya yi araha, masu kiwo suka rungume shi don maganin zawon 'yan aladu da kaji. Bayan shekaru, da ƙwayoyi suka fara gagarar sababbin magunguna, sai likitoci suka koma suka ɗauko kolistin, ya zama shi ne kibiyar ƙarshe a cikin kwari, wanda ake ba majiyyacin da aka gwada masa kome ya ƙi.

A watan Nuwamba na 2015 masanan ƙasar Sin suka ba da labarin da ya girgiza likitocin duniya. Sun sami wata ƙwaya a jikin aladu wadda kolistin ba ya kashewa, kuma asirin nata irin wanda ake miƙawa ne daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Suka sa masa suna mcr-1. Da suka bincika sai suka same shi cikin kashi 21 bisa 100 na dabbobin da suka gwada, da kashi 15 na ɗanyen naman kasuwa, da kashi 1 na majiyyatan asibiti. Watau hanyar ta fito sarari, daga garke zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa gadon asibiti. Cikin 'yan watanni aka gano shi a Turai da Amurka da Afirka. Gwamnatin Sin ba ta yi wata-wata ba, cikin 2017 ta hana zuba kolistin a abincin dabbobi don ƙara musu girma.

Sai dai hanin bai hana masana'antu ci gaba da yin maganin ba. Wani bincike da aka buga a 2023 ya nuna cewa ana ci gaba da sayar da kolistin na dabbobi daga Sin da wasu ƙasashen Turai zuwa ƙasashe irin su Pakistan da Bangladesh da Nijeriya. Abin da suka taƙaita a gidajensu shi suke loda wa jiragen ruwa zuwa gidajen wasu.

JARIRAN ABUJA DA NA KANO

A nan ne maganar ta iso gida. Tsakanin 2015 da 2017 masana daga jami'o'in Kadif da Oksfod na Birtaniya, tare da likitocin ƙasar nan, sun ɗebi samfur 4,907 daga jikin mata masu haihuwa da jariransu a asibitoci uku, watau Asibitin Ƙasa na Abuja, da asibitin Wuse, da Asibitin Murtala na Kano. Sakamakon ya fito cikin 2024. An sami irin wannan asiri na gagarar kolistin a jikin wasu iyaye mata da jarirai, kimanin ɗaya cikin ɗari ke nan.

Mai karatu yana iya cewa ai ɗaya cikin ɗari ba yawa. To, a lura da abu biyu. Na fari, kolistin magani ne da ba kasafai ake ba mutane a asibitocin Nijeriya ba, saboda haka ba a asibiti ƙwayar ta koyi jure shi ba. Masu binciken sun nuna yatsa ga amfani da shi da ake yi wajen kiwo, musamman na kaji. Na biyu, jaririn da aka haifa jiya bai ci naman kowace dabba ba, bai taɓa shiga gona ba, daga jikin uwa ko daga inda aka kwantar da shi ya ɗauka. Kuma ɗaya daga cikin asibitocin nan uku a tsakiyar birnin Kano yake, inda kusan duk matan da ke zuwa haihuwa ba su taɓa kusantar naman alade ba.

Wannan ƙungiya ta masana ta riga ta nuna cikin 2021 cewa mafi yawan ƙwayoyin da ke shiga jinin jarirai a asibitocin da ta bincika a Afirka da Asiya ba sa jin ampisilin, da yawa kuma ba sa jin jentamaisin, alhali waɗannan biyun su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba jariri. Jentamaisin ɗin nan kuwa ana samunsa a shagunan maganin dabbobi, an haɗa shi cikin garin da ake dama wa kaji.

Lissafin da aka yi na shekarar 2019 ya nuna cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka ƙi jin magani, kuma yankin da abin ya fi yi wa ɓarna bisa ga yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta mutum 64,500. Ba duk wannan ne laifin kiwo ba, domin shan kafso barkatai da mutane ke yi da rashin tsabtar asibitoci suna da babban kaso. Amma kiwo yana da nasa kason, kuma shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi.

DAGA KAFANCHAN ZUWA OKE ARO

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan aladu a Afirka, kuma wani babban sashe na wannan kiwo a Arewa yake, a kudancin Kaduna da Filato da Nasarawa da Binuwai da Adamawa da Taraba. A waɗannan wurare alade shi ne asusun talaka, musamman mata, da shi ake biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan, wadda take ci mako-mako, ana lissafta ta babba a ƙasar nan, kuma daga can manyan motoci suke lodi zuwa garuruwan Kudu, bisa hanyoyin da motocin shanu da na tumatir suke bi.

Abuja kanta ta zama babbar kasuwa tun da gwamnati ta ƙaura daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991. Yawan jama'a da otal-otal ya sa gonakin kaji da na kifi da na aladu sun yi ta tsirowa a gefen birni, a yankunan Kuje da Gwagwalada da Bwari da Kwali. Yawancinsu ƙanana ne, na ma'aikaci mai neman ƙarin abin masarufi ko wanda ya yi ritaya. Irin wannan mai gona ba shi da likitan dabbobi na kansa. In dabba ta ƙi cin abinci, shagon maganin dabbobi yake zuwa ya faɗi abin da ya gani, mai shago ya miƙo masa kwalba ko ƙunshi ba tare da takardar likita ba. In bai ga sauƙi ba ya koma a canza masa wani, ko ya haɗa biyu.

A Kudu kuwa, a Oke Aro da ke kan iyakar Jihar Legas da Ogun, ba nisa da Agege, akwai matattarar gonakin aladu wadda ake cewa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Cikin 2020 cutar zazzaɓin aladu ta Afirka ta faɗa mata, masu gonakin suka ce dabbobin da suka mutu sun kai dubbai ɗaruruwa. Wannan cuta, wadda ta shigo Nijeriya cikin 1997, ba ta kama mutum. Amma bairas ne ke kawo ta, kuma antibayotik ba ya taɓa bairas ko kaɗan. Duk da haka manomin da ya ga jarinsa yana zubewa ba zai naɗe hannu ba, allura zai yi ta yi, in ya ga dabba ba za ta tashi ba ya yi maza ya sayar wa mahauci da maganin a jikinta. Haka ake yi a lokacin annobar kaji, haka ake yi da saniyar da ta kwanta a kan hanya.

HANYOYIN DA TAKE BI

Ƙwayar ba ta buƙatar a ci naman kafin ta iso. Babban sashe na maganin da dabba ta sha yana fita ta fitsari da kashi da sauran ƙarfinsa, tare da ƙwayoyin da suka gagare shi. A ƙananan gonaki akan wanke ɗaki a kora ruwan cikin lambatu, lambatu ya kai rafi, rafi ya bi ta bayan gidajen mutane. Da damina ambaliya takan haɗa ruwan kwata da na rijiya. Ana kwashe kashin kaji da na aladu a buhuna a sayar wa masu lambu a matsayin taki, sa'an nan a ci latas da kabeji da karas ɗanye. Ƙuda ma yana da nasa aikin. Wani bincike da aka buga a 2025 ya tattara ƙudaje fiye da dubu daga asibitoci takwas na ƙasar nan, ya same su ɗauke da ƙwayoyi masu gagarar manyan magunguna.

Wanda ya dubi waɗannan hanyoyi zai ga sana'o'in 'yan Arewa ne a Kudu aka jera. Su ne masu lambu a filayen bayan gari a Ikko, su ne 'yan garuwa, su ne mahauta da masu fiɗa a Oko-Oba da Bodija, su ne masu figar kaji a kasuwa, su ne masu kwasar bola da kura. A Holan cikin shekarun 2004 da 2005 an gano wata ƙwaya mai gagarar magani a jikin masu kiwon aladu da iyalansu, har da ƙaramar yarinya, kuma ta hanyar taɓa dabba da zama kusa da ita suka ɗauka. Mai aiki da ɗanyen nama da hannu tsirara, da yanka a yatsa, shi ne farkon wanda take samu, sa'an nan ya kai ta ɗakin da suke kwana su goma.

In ciwo ya zo, kuɗin ma daga aljihunsa zai fito, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya majiyyata ne suke biya da kansu. Ciwon da a da kafson kwana biyar yake warkarwa, in ƙwayar ta gagara sai an kwanta asibiti an sha allurai masu tsada. Baƙon da ba shi da kowa a gari, sau da yawa mota ake sa shi a mai da shi gida, wani ya isa, wani bai isa ba.

BA MASU ALADU KAƊAI BA

Kuskure ne babba a ɗauki wannan magana a mai da ita sandar dukan masu kiwon aladu, ko a shigar da ita cikin rigimar addini da ƙabilanci. A jikin alade ne duniya ta fara ganin abin, amma a Nijeriya kaji da shanu sun fi aladu yawa nesa ba kusa ba, kuma shago ɗaya ake zuwa. Allurar oksitetrasaikilin wadda mai aladu a Kuje yake saye ita ce makiyayi yake saye a kasuwar Dei-Dei ko a Kara ta bakin Ikko, ya yi wa saniyarsa da hannunsa, gobe a tatsi nononta a kai kasuwa. Mai kajin gidan gona a Kano ko Zariya yana dama wa 'yan tsaki magani tun ranar da suka iso, yana kuma sayar da ƙwai a cikin kwanakin da kaza take shan magani.

A jikin kowace kwalba ta kirki an rubuta kwanakin da za a jira bayan allura kafin a yanka dabba ko a sha nononta. Ga allurar nan mai daɗewa a jiki, jiran nama yakan kai mako uku zuwa huɗu. Mutum nawa ne suke karantawa, balle su bi? Dafuwa tana kashe ƙwayar da ke jikin nama, amma ba ta ƙone ragowar maganin duka, sai mai ci ya yi ta shan antibayotik kaɗan-kaɗan bai sani ba, watau daidai abin da Fleming ya yi kashedi a kansa.

WASU SUN GYARA, KIWO BAI MUTU BA

Masu kiwo sukan ce in aka hana su magani sana'a za ta durƙushe. Abin da ya faru a wasu ƙasashe bai nuna haka ba. Suwidin ta hana ba dabbobi antibayotik don ƙara girma tun 1986, Tarayyar Turai duka ta bi a farkon 2006, Amurka ta hana yin haka da magungunan da mutane ke buƙata a 2017. Denmak, wadda aladunta suka fi mutanenta yawa, ta hana likitocin dabbobi cin riba daga sayar da magani a tsakiyar shekarun 1990, ta kafa rajistar da ake rubuta duk maganin da ya shiga kowace gona, sa'an nan a 2010 ta fito da katin gargaɗi ga gonar da ta wuce iyaka. Da fari zawo ya ƙaru ga 'yan aladun da aka yaye, manoma suka gyara abinci da ɗaki, kuma ƙasar ta ci gaba da zama cikin manyan masu sayar da naman alade a duniya. Holan ta rage maganin dabbobinta da fiye da rabi cikin 'yan shekaru daga 2009. Kada a ce sai Turawa, Namibiya a nan Afirka ta hana ba shanunta irin wannan magani don ƙiba tun 1991, shi ya sa namanta yake shiga kasuwannin Turai.

AIKIN DA YAKE GABAN ABUJA

Ofisoshi dai ba su yi ƙaranci ba. Akwai hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka, akwai NAFDAC da aka kafa a 1993 mai rajistar magungunan mutane da na dabbobi, akwai Majalisar Likitocin Dabbobi, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom wadda take aiki tun 1924, sa'an nan a watan Yuli na 2024 aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Shirin ƙasa na farko ya yi aiki daga 2017 zuwa 2022. Abin da ya rage shi ne takarda ta sauko daga bene ta isa shagon maganin dabbobi na Gwagwalada. Kuma kada a jira duniya ta tilasta, domin ko taron Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Satumba 2024, wanda ya yi alkawarin rage mace-mace da kashi 10 cikin 100 kafin 2030, da aka zo kan maganin dabbobi bai iya tsai da wani adadi ba.

Abu na fari da ya kamata a yi shi ne a rufe ƙofar shigo da kolistin don zubawa a abincin dabbobi, domin ta tashar jiragen ruwa yake shigowa, kuma tsare tasha ya fi tsare gonaki dubu sauƙi. Na biyu, manyan magungunan da asibiti ke ajiyewa don ranar wuya kada a sayar da su a shagon dabbobi sai da takardar likita. Amma doka irin wannan zalunci za ta zama in ƙaramin manomi ba shi da likitan da zai je wurinsa, saboda haka lalle ne gwamnatoci su mai da malaman dabbobi ƙauyuka da kasuwannin kara kamar yadda aka saba a da, su riƙa yin allurar rigakafi a kan kari. Manomin da annoba ta kashe wa dabbobi kuma a biya shi diyya, in ba haka ba ɓoyewa zai yi ya sayar. Tun da Abuja ce aka ba masaukin baƙin duniya, ya dace ta fara da gidanta, a riƙa gwajin ragowar magani a mayankar Karu da ta Dei-Dei, a kuma faɗa wa jama'a abin da aka gani.

Shugabannin 'yan Arewa a Kudu su ma suna da abin yi, ba sai sun jira gwamnati ba. Sarkin Hausawa da Sarkin Fawa da shugabannin 'yan kara suna da faɗa a ji a kasuwanninsu. Suna iya sa doka cewa dabbar da aka yi wa allura ba za a yanka ta ba sai kwanakinta sun cika, mai fiɗa ya rufe mikin hannunsa ya wanke da sabulu kafin ya ci abinci, mai lambu ya bar taki ya ruɓe sosai kafin ya zuba. Shi kuma mai karatu, in mura ta kama shi ya ƙyale kafson mai tallan magani a tasha, in likita ya rubuta masa ya sha yadda aka ce masa, kada ya raba da abokin ɗaki. Maganin nan amana ce tsakanin mai alade da mai kaza da mai saniya da mai jego, in ya lalace a hannun ɗaya ya lalace wa duka. Allah ya kiyashe mu da ciwon da ba ya jin magani, amin.